Filin Tambaya da Amsa: Za a Kai Mu Gyaran Masana'antar Takarda

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ware a wannan fitowa, kuma dukansu a wuri ɗaya suka faɗa, wato aikin da ake yi idan an tsayar da masana'antar takarda don babban gyara. Na yi shekara goma sha ɗaya ina kanikancin injina a irin wannan wuri a Kudu kafin in dawo gida Katsina, kuma an yi wannan gyara da ni sau tara. Abin da idona ya gani da abin da na koya a hannun manyana shi zan faɗa.

TAMBAYA: Baba, barka da ƙoƙari. Ni mai walda ne a Ƙofar Marusa, shekarata 24. Na yi shekara shida ina haɗa ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa. Wani ɗan kwangila ya zo neman masu walda, zai kwashe mu mu goma sha biyu zuwa wata masana'antar takarda a Kudu, aikin kwana 18. Ya ce duk shekara ana rufe ta a yi gyara, kuma babu abin tsoro tunda duk injinan a kashe suke. Kuɗin da ya ambata ya fi abin da nake samu a wata biyu. Mahaifiyata ba ta saki jiki da tafiyar ba. In je? In zan je, me zan tarar?
Daga wani matashi, Katsina.

AMSA: Ɗana, in mahaifiyarka ta sa maka albarka, ka je. Abin da za ka koya a kwana 18 na waldar bututu ya fi na shekara guda a bakin titi, kuma hannun da ya iya bututun tururi ba ya rasa aiki. Amma maganar ɗan kwangilar nan cewa babu abin tsoro, kada ka ɗauke ta ko da wasa. Kwanakin da masana'anta take tsaye su ne kwanakin da na fi jin tsoro a duk shekarun da na yi a can. Lokacin da take aiki, kowane tanki a rufe yake, kowane bututu a ɗaure, kuma mutanen da ke ciki sun san wurin kamar tsakar gidansu. Ranar da aka tsayar da ita sai a buɗe duk abin da yake rufe, a kawo ɗaruruwan baƙi irinka, a ce su gama kafin rana kaza. Baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa biyu.

Bari in fara nuna maka wurin. Masana'antar takarda iri biyu ce. Akwai wadda take dafa itace: a daddatse shi ƙanana, a zuba a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe tare da ruwan soda, irin sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, da wani sinadarin ƙibiritu, a dafa da zafin da ya kai wajen digiri 170 har zaren itacen ya rabu da ƙaron da ya riƙe shi. Baƙin ruwan da ya fita ba a zubar da shi, ƙafar da shi ake yi ya yi kauri, a ƙona shi a wata babbar tukunyar tururi a dawo da sodar. Iri na biyu, wanda ya fi yawa a ƙasarmu yanzu, tsohuwar takarda da kwalin da 'yan bola jari ke tarawa yake jiƙawa, a dama su a wani babban kwano mai farfela a gindi har su zama kamar kunu. Daga nan hanyar ɗaya ce: a shimfiɗa kunun a kan raga mai gudu ruwa ya tsiyaye, a matse shi tsakanin manyan rola, a bi da shi ta kan jerin gangunan ƙarfe da tururi ke zafafawa daga ciki, ya fito takarda a nannaɗe. Ko wace iri aka kai ka, za ka tarar da tururi, da soda, da tankuna masu zurfi, da ƙurar takarda mai kama wuta kamar auduga.

Abu na farko, kwaɗo. Duk injin da za ka taɓa, ko za ka shiga cikinsa, ko za ka tsaya kusa da shi, akwai wurin da ake yanke masa wuta. Ƙa'ida ita ce a yanke, a sa kwaɗo a wurin, kuma kowane ma'aikaci ya rataya nasa kwaɗon mai ɗauke da sunansa, makullin yana aljihunsa. In ku shida ne, kwaɗo shida. Bayan an kulle, sai a je a danna maɓallin tayar da injin a gabanka a ga bai motsa ba, domin an sha kulle akwatin injin na kusa a bar wanda ake nufi da ransa. Kada ka yarda foman ya ce maka nasa kwaɗon ya wadatar da kowa. Shi zai iya tashi aiki ƙarfe shida ya cire abinsa, kai kana cikin kwano kana walda a kan farfela.

Wutar lantarki ma ita ce mai sauƙin. Bututu ya fi ta ha'inci, kuma a nan ne na ga abin da har yau ban manta ba. Dare na tara ne da fara gyara, an ba mu ni da mataimakina, wani yaro mutumin wajen Malumfashi, mu canja gasket, wato abin da ake matsewa a mahaɗar bututu don hana yoyo, a wani bututun da ke kwashe ruwan tururi daga gangunan busarwa. Na tambayi foman, ya ce an rufe bawul, wato makunnin da ke buɗe bututun da rufe shi, tun shekaranjiya, an tsiyaye layin. Na taɓa bututun ta kan rufinsa, ban ji zafi ba. Ban je na ga bawul ɗin da idona ba, ban buɗe ƙaramin famfon tsiyaya na ƙasa na tabbatar ba, domin mun makara kuma ana jiranmu. Ashe bawul ɗin a rufe yake amma yana yoyo ta ciki, ruwan zafi ya taru kaɗan kaɗan kwana biyu. Yaron nan ya kwance noti na uku ke nan ruwa ya feso masa daga cinya zuwa idon sawu. Wata biyu ya yi a asibiti, kuma bai sake tafiya daidai ba. Ni ne babba a wurin, ni ya kamata in duba. Tun daga ranar ban sake kwance bututu a kan maganar baki ba. Don haka ka riƙe wannan: bawul a rufe da sarƙa da kwaɗo, famfon tsiyaya a buɗe kana gani, in layin soda ne ko tururi a sa faifan ƙarfe a toshe shi gaba ɗaya. In za ka kwance, ka fara sassauta notocin da ke can ɗaya gefen, nesa da jikinka, ka bar sauran a ɗaure har ka ga babu abin da ya fito.

Na biyu, shiga tanki. Kai ɗan Katsina ne, ka san labarin tsohuwar rijiya ko shadda: mutum ya shiga yasa, ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi, shi ma ya yi shiru, kafin a ankara an fitar da gawa uku. Abin da ke kashe su shi ne yake kwance a gindin tankunan masana'antar takarda. Ko dai iskar shaƙa ta ƙare, ko kuma akwai wata guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iska nauyi, take taruwa a ƙasa. Sharrinta shi ne in ta yi yawa, kamar kashi 100 cikin miliyan, sai ta kashe jin warin hancinka, ka ɗauka ta wuce alhali ƙaruwa ta yi. In ta ninka haka sau da yawa, shaƙa ɗaya ko biyu mutum ya faɗi. A watan Janairun 2002, a garin Pennington na jihar Alabama a Amurka, sinadarin ƙibiritu ya gangara magudanar ruwan wata masana'antar takarda ya haɗu da asid, wannan iska ta taso ta kashe ma'aikatan kwangila biyu, kuma su ba ma cikin tanki suke ba, a fili suke aiki kusa da magudanar.

Saboda haka ba a shiga tanki sai jami'in sefti ya zura na'urar gwajin iska sama da tsakiya da ƙasa, ya rubuta abin da ya gani a takardar famit. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 20.9 cikin 100. In ya sauka ƙasa da 19.5, ba shiga. A sa fanka tana hura iska ciki muddin kana ciki, a tsayar da mutum ɗaya a bakin tankin wanda ba shi da wani aiki sai kallonka, ba a aikensa sayen ruwa, ba ya miƙa wa kowa sifana. In an fita cin abinci ko salla aka dawo, a sake gwadawa, domin laka in an tattaka ta tana sakin abin da ta riƙe. Kuma in kai ne a baki ka ga na ciki ya faɗi, na san zuciya za ta ce ka diro. Kada ka diro. Ka yi ihu, ka buga ƙararrawa, ka ja igiyar da ke jikinsa, masu tulun iska a baya su ne za su shiga. Kada kuma wani ya ce a gwada da fitila ko ashana irin ta masu haƙar rijiya, domin iskar nan tana kama wuta.

Na uku shi ne naka na kanka, wato walda. A bakin titi, inda ka ga dama nan kake kunna injin. A can ba ka tayar da tartsatsi, ko na garanda ne, sai da famit ɗin aikin wuta a hannunka, an share ƙurar takarda, an jiƙa wurin ko an rufe shi da bargon wuta, ga mutum tsaye da tukunyar kashe gobara, wanda zai ci gaba da tsayuwa aƙalla rabin sa'a bayan ka gama. Tambayar da nake so ta zauna a bakinka kafin ka ɗora sanda a kan kowane ƙarfe ita ce: mene ne a cikin wannan, kuma mene ne a ƙarƙashina? A watan Yulin 2008, a Tomahawk ta jihar Wisconsin, mutum uku sun mutu suna walda a saman wani dogon tanki da babu komai cikinsa sai ruwan da aka yi aiki da shi da ragowar zaren takarda. Ƙwayoyin cuta ne suka ruɓar da zaren, suka haifar da iska mai fashewa ta taru a sama. Ka lura da wannan da kyau, domin irin wannan tanki yana nan a masana'antun da ke narkar da kwali, inda na fi zaton za a kai ku. A watan Fabrairun 2017 kuma, a DeRidder ta jihar Luwiziyana, ana tsakiyar irin gyaran shekarar da za ka je, ana walda a kan bututu a saman wani tanki da aka bari da ruwa a ciki, tankin ya fashe ya tashi sama, ma'aikatan kwangila uku suka mutu, bakwai suka ji rauni. A Satumban 2020 a Canton ta Karolina ta Arewa, nan ma lokacin gyara, na'urar hura zafi ta faɗa bokitin ƙaro a cikin wata hasumiya, wuta ta kashe mutum biyu 'yan wani kamfanin kwangilar daban da ke aiki a ɗaya ɓangaren da ya haɗu da ita. Duk a Amurka ne, ƙasar da ke da kayan aiki da dokoki ke nan. Ka duba kuma su wa suka fi mutuwa: 'yan kwangila, baƙi, masu zuwa na mako biyu.

Sauran in taƙaita maka. Soda in ta taɓa fata ba ta zafi nan take, santsi za ka ji kamar sabulu, alhali cin naman take yi. Ka tuɓe rigar, ka tsaya ƙarƙashin famfo minti ashirin ko fiye, in ido ne ka buɗe shi da yatsa ruwa ya ratsa. Ba manja, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai. Ranar farko ka nemi inda famfon wankin ido yake ka murɗa ka ga yana kawo ruwa. Kada ka ratsa ƙarƙashin kayan da injin ɗaga kaya ya ɗaga, rola ɗaya tana iya fin tirela nauyi. In ka ga an kewaye wuri da igiya da dare ana ɗaukar hoton walda, ka yi nisa, hasken da ake amfani da shi ba a ganinsa kuma yana illa. Ka sa tufafin auduga, leda tana narkewa ta manne a fata, ka cire zobe. In kana da gemu ka faɗa tun farko, domin takunkumin roba mai kama fuska ba ya zama a kan gashi, iska tana shiga ta gefe. Akwai mai rufe kai duka wanda ake huro wa iska, in babu shi a ba ka aikin da ba na cikin tanki ba.

Kafin ka hau mota, ka tambayi ɗan kwangilar: wa zai ba da hular kwano da takalmi da bel ɗin hawa sama, awa nawa ake yi a rana, wane asibiti ake kai wanda ya ji ciwo, wa zai biya. A rubuta, ka bar wa mahaifiyarka kwafi ɗaya. In ya fusata da tambayar, ka zauna a Ƙofar Marusa ka ci gaba da tagoginka.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Me ya sa sai an tsayar da masana'anta gaba ɗaya, ba a gyara ta sashe sashe tana aiki? Kuma tunda muna da farar ƙasa a Ƙanƙara, wadda aka ce ana sa ta a takarda, me ya hana a kafa mana masana'antar takarda a jihar nan?

AMSA: Ɗalibi, gyaran sashe sashe ana yin sa a kowane lokaci cikin shekara, shi ya sa famfuna da yawa biyu biyu ake kafa su, ɗaya na aiki ana duba ɗaya. Amma akwai abubuwan da ba su da na biyu. Tukunyar tururi ita ce zuciyar wurin, kuma ba a auna kaurin bututunta sai an kashe ta, ta huce, an wanke, an kafa sikafol, wato matakalar ƙarfe, a ciki mutane sun hau. A masana'antar da ke dafa itace abin ya fi tsanani, domin a gindin tukunyar da ke ƙona baƙin ruwa akwai narkakken sinadari mai tsananin zafi, in bututu ya huje ruwa ya zubo a kansa, fashewa ce. To in tururi ya tsaya, gangunan busarwa sun tsaya, komai ya tsaya. Shi ya sa ake tara duk aikin da ba ya yiwuwa sai a tsaye, canjin boris ɗin da sassan inji ke juyawa a kai, raga, bawul, gyaran tankuna, a tsara shi watanni kafin ranar, awa bayan awa. Kowace rana a tsaye asara ce ga masu wurin, kuma daga nan matsin lambar da ke sa mutane tsallake ƙa'ida yake fitowa.

Batun Ƙanƙara gaskiya ne, irin farar ƙasar nan ana cika takarda da ita ana kuma shafe fuskarta don ta yi fari da santsi. Sai dai ita ƙari ce, jikin takarda zare ne da ruwa, ruwa mai yawan gaske ba dare ba rana. Dubi inda gwamnatin tarayya ta kafa nata guda uku: Jebba a bakin kogin Kwara, wadda ta fara aiki a 1969, Oku Iboku a Akwa Ibom mai takardar jarida, wadda ta fara a 1986, da Iwopin a jihar Ogun, dukansu kusa da ruwa ko daji. Duk da haka sun durƙushe a shekarun 1990, kuma cikin dalilan akwai dogaro da dogon zare da kayan gyara na ƙasashen waje a lokacin da kuɗin waje ya yi wuya. A ganina abin da ya fi dacewa da mu shi ne mu wanke farar ƙasarmu, mu tace ta ta kai matsayin da masu takarda da masu fenti ke saye da daraja, maimakon a kwashe ta ɗanya a tifa. Wannan aikin irinku ne, ka kai wa malamanka maganar.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Maigidana makanike ne, shekara uku ke nan duk shekara yana bin wani ɗan kwangila zuwa irin wannan gyara. In ya dawo sai ya yi mako yana barci kamar mara lafiya, ga tari, bara kuma ya dawo da ƙuna a ƙwauri wadda ta yi wata ba ta warke ba, da kuɗinmu muka yi magani. Ya ce in ya yi magana ba za a sake ɗaukarsa ba. Bana ma an kira shi. In na nuna damuwa sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Yaranmu huɗu. Me zan yi?
Daga wata uwargida, Daura.

AMSA: 'Yata, Allah ya saka miki da alheri da kika kula. Damuwarki a kan hanya take. Barcin nan na san shi. Awa goma sha biyu ake yi, wani lokaci sha huɗu, ba Juma'a ba Lahadi, wasu kuma a juya su daga rana zuwa dare a tsakiyar aikin. A mako na biyu za ki ga mutum ya ɗauki sifana ya tsaya yana tunanin abin da ya zo yi da ita. A abin da na gani, raunuka sun fi yawa a kwanakin ƙarshe, lokacin da jiki ya gaji, aka makara, manya suna ta duba agogo. Ranar tayar da injin kuma ita ce ta fi kowace: ana cire kwaɗuna, ana sakin tururi a bututun da ya yi sanyi yana bugawa kamar ana dukansa da guduma, wani bai gama mayar da murfin kariya ba, wani yana zura hannu kusa da rola don jan takardar da ta yage. Ki gaya masa ni na ce in aikinsa ya ƙare, ya cire kwaɗonsa da hannunsa, ya sa hannu a takarda, ya bar wurin. Kada ya tsaya kallo.

Maganar tsautsayi, babu musulmin da zai musanta ƙaddara. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Kada ki yi gardama da shi a kan wannan. Ki samu babban wansa ko limamin unguwarku, wanda yake jin nauyinsa, ya faɗa masa cikin natsuwa.

Ƙunar da ta yi wata ba ta warke ba ta yi mini kama da ta soda, wadda ta jiƙa wando ko ta gangara cikin takalmi ba a wanke da wuri ba. Bai kamata kuɗin maganin ya fito daga tukunyarku ba. Akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke gudanarwa. Mai ɗaukar ma'aikata ne yake zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da yake biya, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo, kuma dokar ta haɗa da mai aikin wucin gadi. Abin da ke kashe haƙƙin mutanenmu shi ne shiru. In an ji ciwo, a faɗa wa foman a ranar, a rubuta a littafin asibitin masana'anta, a ɗauki hoton raunin da waya, a adana kowace takardar magani. Tsoron kada a sake ɗaukarsa ba na raina shi ba, na san abin da kuɗin nan yake yi a gida mai yara huɗu. Amma makanikin da ya yi irin wannan gyara sau uku ya san hanyoyin aikin, kuma irinsa ɗan kwangila yake nema ido rufe. Yana da ƙarfin magana fiye da yadda yake zato, musamman in su uku ko huɗu suka je tare tun kafin a tashi, suka nemi ɗan kwangilar ya nuna musu shaidar rajistarsa da hukumar NSITF.

Tarin kuma kada a bar shi. Hayaƙin walda da ƙurar takarda suna sa tari na 'yan kwanaki, amma a tsofaffin masana'antu akwai farin rufin bututun tururi da ake kira asbesto, wanda ƙurarsa ke zama a huhu, illarta ba ta fitowa sai bayan shekaru masu yawa. Kafin ya tafi bana ya je babban asibitin Daura ko ya shigo Katsina a ɗauki hoton ƙirjinsa, ya gaya wa likita ainihin aikin da yake yi, ku adana hoton don a gwada da na gaba. Kayan aikin da ya dawo da su kada a kakkaɓe su a tsakar gida inda yara ke wasa, a jiƙa su a bokiti daban kafin a wanke.

A jakarsa ki sa masa safa mai kauri ƙafa shida, rigunan auduga masu dogon hannu, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda ashirin, domin zafin cikin tukunyar tururi ko ta kwana biyu da kashewa ya fi na Daura a watan Afrilu. Ki karɓi lambar foman ɗinsu da ta abokin aikinsa ɗaya. Ku tsayar da lokacin waya, bayan sallar isha'i in yana aikin rana, bayan asuba in yana na dare, kuma in kin ji muryarsa ta yi nauyi ki tambaye shi awa nawa ya yi barci jiya.